Tuban Da Ban Yi Ba

Malam edita, ina gaisuwa. Ni dattijo ne daga wani ƙauye na bakin tabkin Madarumfa, kuma abin da zan ba da labari ya faru tun zamanin Faransa, a shekarun da gyaɗa ta yi kuɗi har kamyo, wato manyan motocin kaya, ke shigowa ƙofar gari ana loda buhuna. A lokacin ni sabon magidanci ne, mata ɗaya da ɗiya ɗaya. Mahaifina ya rasu ya bar mini gona a tudu da ɗan lambu a fadama, ga Inna, mahaifiyata, a ɗakinta tana tuyar ƙosai kowace safiya. Da damina in yi noma, da rani in yi ban-ruwan albasa da taba, bayan la'asar kuma in wanke ƙafa in tafi zauren Malam ɗaukar karatu. Mu ɗaliban zauren ba yara ba ne, duk mun sauke, littattafai muke bi. Ba zan ɓoye ba, ina da kan karatu, kuma na san ina da shi, abin da ya fi lalata ni ke nan.

A shekarar da nake magana, Malam yana koya mana kalmomin da addini ke auna aikin mutum da su. Ya raba mana alheri da sharri, lada da zunubi. Ya ce zunubi tsakaninka da Allah ne, in ka tuba zai iya yafewa, amma alhaki na mutane ne, ba ya sauka sai mai shi ya sauke maka. Da ya zo kan wahala sai ya ce sunanta ba ɗaya ba ne. Akwai jarrabawa, wadda Allah ke gwada bawan da yake so da ita. Akwai kaffara, wadda ke kankare laifi tun a duniya. Akwai kuma uƙuba, horo ga wanda ya yi taurin kai. Har jin daɗi ma, in ji shi, yakan zama talala, a saki wa mutum igiya ya yi ta kiwo kafin a fizgo shi. Kullum yakan rufe da cewa sunayen nan a littafi suke, ba a rubuta su a goshin kowa ba. Mu kuwa sai mu kwashi na farko mu bar masa na ƙarshen a kan buzu. A hanyar gida mukan rarraba masifun gari kamar masu tsince gyaɗa. Rumbun wane ya ƙone, uƙuba ce, dama ba ya fid da zakka. Jakin liman ya mutu, wannan jarrabawa ce. Anna kuwa, wato mutanenmu da ke bin al'adar kakanni ba su sallah, in fara ta ci musu gero mu ce uƙuba, in sun cika rumbu mu ce talala. Ni ne gwanin wannan rabo, ana yi ana dariya.

Maƙwabcin lambunmu ɗaya ne daga cikin Annan nan, wani tsoho da zan kira shi Tsoho kawai. Kakanninsa suna bakin tabkin tun ba a kafa tubalin masallaci ba. Yana shan giyarsa, kuma kafin ya fara aikin rani yakan yanka jan zakara a gindin wata kanya da ke cikin lambunsa. Amma lokacin da mahaifina ya kwanta ciwon ajali, shi ya riƙa ba albasarmu ruwa har aka cire, bai karɓi ko ƙwara ɗaya ba. A ɗaya gefen nasa kuma wani attajiri ne, mai saya wa kamfanin Turawa gyaɗa, ya sayi fili. Wata shekara aka yi ruwa mai yawa, tabki ya cika ya haye fadama ya daɗe bai janye ba. Da ya janye, ya tafi da layin gambar da ke raba filayen. Nan attajirin ya ce kanyar da duk abin da ke ƙasanta har bakin ruwa cikin abin da ya saya suke, kuma nan ne wuri mafi damshi, inda ko sanda ka kafa sai ta yi ganye. Ni kuwa na san ba haka ba ne. Tun ina yaro Tsoho ke koro mu daga gindin kanyar nan in mun je tsintar 'ya'ya, kuma iyakar tana can gaba da ita sosai.

Aka kai magana ƙofar maigari. Tsoho ya ce zai rantse da abin da kakanninsa ke rantsuwa da shi, attajirin ya ce ba ya karɓar rantsuwar wanda goshinsa bai san ƙasa ba, sai dai a kawo Musulmi ya dafa Alƙur'ani. Kowa ya sunkuyar da kai, don duk garin a wurinsa ake kai gyaɗa. Ga kuma wani abu da 'yan yanzu ba za su gane nauyinsa ba. A wurinmu dafa Alƙur'ani ba ƙaramin abu ba ne, mutum ya fi son ya yi asarar bijimi da ya dafa, ko da kuwa shi ke da gaskiya. Kowa ya tashi da sanin cewa wanda ya dafa kan ƙarya, kuturta ce za ta fito masa. Inna ta kira ni ta ce in rufa mata asiri in fita daga wannan magana, rigimar da ba ta gidanmu ba ce. Na yi mata wa'azi, ni mai karatu, na ce ɓoye shaida zunubi ne, mai gaskiya kuma ba ya tsoron littafin Allah. Gaskiya na tsaya mata, amma in na ce babu son a gan ni a ciki na yi ƙarya. Na yi alwala, liman ya miƙo, na dafa na faɗi abin da na sani. Aka bar wa Tsoho lambunsa. Attajirin ya kaɗe rigarsa ya ce ba komai, Allah ba ya barci, za a gani.

Kaka ta zagayo, mun gama ɗaurin gero, bayana ya riƙe, na kira wanzami ya yi mini ƙaho. Yana cikin aiki sai na ji ya yi tsit, shi da bakinsa ba ya hutawa. Ya tambaye ni ko na ji tsagar da ya yi yanzu. Na ce wace tsaga? Ya ce akwai wani tabo ja-ja ƙarƙashin kafaɗata, faɗin tafin hannu, ya sa aska a kai ban motsa ba. Na yi dariya na ce ƙyasfi ne. Amma na ga yadda ya daɗe yana wanke askarsa, ya kuma ƙi tsayawa shan furar da aka kawo masa. Kafin ranar kasuwa ta zagayo babu gidan da labari bai shiga ba. In na wuce majalisa sai a yi shiru, in na ba da baya in ji wani ya ce da haka muka fara, kuturu ya ga mai ƙyasfi, a kwashe da dariya ƙasa-ƙasa. Attajirin kuwa sai ya aika wa masallaci sababbin tabarmi.

A zaure abin ya fi yi mini ciwo. Malam bai faɗi mummuna a kaina ba, ya ma maimaita cewa ciwo na iya zama jarrabawa. Amma wurin zamana a tabarma ya riƙa faɗi kullum, aka kuma ware wata tsohuwar buta aka ajiye a bakin ƙofa, ba wanda ya ce tawa ce, ba kuma wanda ya ƙara taɓa ta. Akwai wani abokin karatuna da muke gasa tun muna allo. Ran nan, ina zaune, ya tambayi Malam kamar mai neman sani, wai uƙubar rantsuwar ƙarya takan jira lahira ne ko tun a duniya take farawa. Malam ya tsawata masa, amma idon kowa ya riga ya sauka a kaina. Na gane wasan sarai, ai ni na koya musu shi. Yau ga ni cikin faifai ana tsince ni.

Daga nan zargi ya shige ni kamar gara. Na zargi attajirin da yi mini sammu. Na zargi wanzami, na ce askarsa ce ta kwaso mini daga jikin wani. Har Tsoho ban bari ba, na ce wataƙila abin da yake yanka wa zakara ne ya shafe ni don na tsaya kusa da shi. Mafi muni, na koma zargin kaina. Sai in bar ban-ruwa in je in tsaya gindin kanyar ina duban ƙasa, ina tambayar kaina ko dai idon yarinta ne ya ruɗe ni, ko iyakar ta wannan gefen take. Na san ba haka ba ne, amma in gari duka ya dube ka da ido ɗaya, kai ma sai ka ari idon. Dattawa suka zo har gida suka ce in tuba, in fito in ce na yi kuskure a mayar wa mai fili filinsa, Allah mai gafara ne. Na ce ban san abin da zan tuba a kai ba. Suka tashi suna girgiza kai, suna cewa Allah ya kama shi amma har yanzu yana musu. Ƙosan Inna ya daina ƙarewa, daga baya ma ya daina fita. Iyayen matata suka fara aike, wai ta zo ganin gida.

Ranar da na ɗauki garwashi da hannu zan kunna wa Inna wuta, na ji ƙauri kafin in ji zafi, ranar na san zama bai gan ni ba. An ce akwai wani wuri a hanyar Maraɗi inda ake tara masu irin ciwona, kuma lokotoron wurin, wato likita, ya samu wata sabuwar ƙwaya mai tsayar da shi. Na ɗaure kayana. Ba wanda ya raka ni sai Tsoho, ya ɗora ni a jakinsa yana biye da ƙafa, mutane na leƙe ta kan darni suna cewa ga shi nan, abokin cin mushe ya rako abokinsa. A can na daɗe, damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Na zauna da limamin wani gari, da wata tsohuwa da ba ta taɓa zuwa gaban shari'a ba, da masunta da maƙera, duk ciwo ɗaya, na rasa wace rantsuwa suka yi su kuma. Masu zuwa duba ni ba su da yawa. Matata ta zo sau ɗaya da ɗiyarmu. Abokin karatun nan nawa ya zo sau ɗaya, wai Malam ya aiko shi, ya tsaya daga nesa muka gaisa. Inna ce kawai ke zuwa a kai a kai, a ƙafa, da ƙuli-ƙuli da garin gero a ƙwarya. A hankali tabon ya dushe, jiki ya dawo, sai ƙaramin yatsana na hagu da ya lanƙwashe, har yau haka yake. Lokotoro ya ce in koma gida, in riƙa zuwa karɓar ƙwaya.

Na shigo gari ina shirin a guje ni, sai na ga akasin haka. Mutanen da suka daina ba ni hannu suna rige-rigen kama shi. Liman ya rungume ni, ya ce madalla da wanda ya ji tsoron Allah. Wata tsohuwa ta ce ai tun ranar da na aiko da saƙon nan ta san zan warke. Na yi ta amsa gaisuwa kaina a ɗaure. Sai da na gangara fadama na gane. Babu jakin Tsoho, babu bukkarsa, an sare rassan kanyar, barorin attajirin ne ke ta ban-ruwa har bakin tabki. Na tambayi wani masunci, ya dube ni da mamaki. Ya ce ai ni na aiko tun bara cewa na tuba, rantsuwar da na yi kan ƙarya ce, Tsoho ne ya roƙe ni. Aka sake zama, aka ba attajirin fili, Tsoho ya kwashi iyalinsa ya tsallaka iyaka. Kuma ga shi kowa ya gani da idonsa, ina tuba Allah ya ɗauke mini uƙuba. Na zauna a kan kunyar albasa. Ciwon da ya fito ya sa an ce na yi ƙarya, warkewar kuma ta zo ta buga hatimi.

Na je wurin liman na ce ban aiko kowa ba, ya gaya mini wanda ya kawo saƙon. Fuskarsa ta canja. Ya ce wanda ya kawo mutum ne da ba a shakkar maganarsa a kaina, ya kuma roƙe shi da maigari su sakaya sunansa, sun yi alkawari. Ya ja ni gefe ya ce in yi hattara, mai warware tuba ciwonsa dawowa yake, kuma in ya dawo ba ya jin ƙwaya. Na fito da wuta a cikina. Na ce lalle cikin waɗanda suka je duba ni ne, don su kaɗai za a yarda sun ji daga bakina. Na fara da abokin karatuna, musamman da na tarar yanzu shi ke riƙe wa attajirin ma'auni, ga sabuwar riga har ƙasa. Na tare shi a kasuwa gaban jama'a na kira shi munafuki. Ya rantse ya maya, ya ce a kawo Alƙur'ani yanzu ya dafa. Da na ji haka sai na riƙe hannunsa na ce a'a, ya bari. Ko maƙiyina ba na so ya bi hanyar da na bi.

Saura matata. Na tuna iyayenta sun so raba mu, sai ga shi bayan saƙon sun yi shiru. Na ce to, ita ce, ta sayi zaman aurenta da sunana. Ban tambaye ta kai tsaye ba, da ma na yi. Sai na bi ta da ido. In ta yi dariya da maƙwabciya in ce da ni suke, in ta yi shiru in ce alhaki ne ke cin ta. Na daina cin tuwonta, na koma ci a ɗakin Inna. Baiwar Allah nan da ta jure gorin gari, ta ƙi bin iyayenta, ta riƙe mini ɗiya da gona, ita na saka wa da wannan. Ta rame, ta yi kuka ta gaji, ta tambaye ni laifinta na ce ta fi ni sani. A ƙarshe na yanke shawarar sallamarta, na shiga gaya wa Inna don kada ta ji a bakin wani. Ita Inna ko a mafarki ban sa ta cikin lissafi ba.

Da hantsi ne, tana zaune a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗar iri. Ta saurare ni har na gama, hannunta bai tsaya ba. Sannan ta ce in bar ɗiyar mutane ta zauna ɗakinta, ita ce ta je wurin liman da maigari. Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta ce ita ce, da ƙafarta, ta ce musu na gaya mata a can wurin magani ina kuka. Abin da na fara tambaya shi ne ko ita ma ta yarda ƙarya na yi. Ta ɗago ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce ita ta kai abinci fadama ranar da aka dasa gambar nan, ina goye a bayanta, ta fi ni sanin inda iyaka take. Ta san gaskiya na faɗa tun ranar farko. Amma bayan tafiyata an hana matata sa guga a rijiya sai kowa ya gama, yara sun daina wasa da ɗiyata suna kiranta ɗiyar mai rantsuwa, surukaina sun sa ranar zuwa ɗaukar 'yarsu, dattawa kuma sun fara cewa ko na warke ba za a bi sahu ɗaya da ni ba. Ta ce ta zauna ta duba garin nan da ta tsufa a cikinsa, ta ga mai tuba yana da wurin zama, amma wanda aka ce Allah ya kama yana musu ba shi da shi, har jikokinsa. Ita ba ta san jarrabawa da uƙuba da muke faɗa a zaure ba. Ta san alhaki, kuma ta gaya wa Allah ya rubuta shi a kanta, kada ya rubuta a kaina. Ta ce in na ga dama in je ƙofar maigari in ce uwata maƙaryaciya ce, ba za ta musa ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, hawaye na sauka cikin ƙwaryar.

Malam edita, ban san ko an taɓa sa ka tsakanin uwarka da gaskiya ba. Na roƙi matata gafara a ranar, ta yafe, amma wani abu ya karye tsakaninmu da bai ƙara ɗoruwa daidai ba. Na je wurin Malam na kawo maganar a matsayin tambaya, ban ambaci suna ba. Ya ce haƙƙin mutum ba ya faɗuwa, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, uwa kuma ba a tozarta ta, sai mai tambaya ya nemi hanyar da zai haɗa biyun. Ban samu hanyar ba. Abin da na iya shi ne na tsallaka iyaka na yi ta cigiya har na samu Tsoho a wani ƙauye wajen Jibiya, yana noma gonar aro, ya tsufa ƙwarai. Ya kama hannuna ya jujjuya, ya ce ashe na warke. Ya ce shi bai taɓa zaton na yi ƙarya ba, ai ya san filinsa. Abin da ya kasa ganewa shi ne yadda Allahnmu ya bar ni da ciwo ina tsaye tare da shi, ya kuma warkar da ni da na juya masa baya. 'Ya'yansa sun ce ma'anarsa a fili take, ba a son Musulmi ya tsaya wa irinsu. Wannan magana ta fi tabon bayana ciwo. Na gaya masa komai. Ya ce uwa ba a kai ta ƙofar maigari, ko a wurinsu haka ne. Na roƙe shi ya yafe mata. Ya ce filin ba nasa ba ne shi kaɗai, na waɗanda ke kwance ne da waɗanda ba a haifa ba, ba shi da bakin yafewa a madadinsu. Ya sa aka kawo ruwa, na sha, ya karɓi ƙwaryar ya sha a inda na sa baki. Da haka muka rabu.

Na yi shiru har Inna ta koma ga Allah. Kullum in ta idar da sallah nakan ji tana ambaton Tsoho, ban san me take roƙo ba. Bayan an yi sadakar arba'in na je gaban dattawa na faɗi yadda aka yi. Lokacin maigarin da aka yi abin a gabansa ya rasu, liman ya rasu, Tsoho ma labarin mutuwarsa ya iso. Attajirin ya dasa mangwaro a filin har sun fara 'ya'ya. Dattawa suka dube ni da tausayi, wani ya ce a bar kaza cikin gashinta, wani ya ce ba kyau mutum ya ɗora wa mamaci laifi don ya wanke kansa. Na ji ana raɗa cewa irin ciwon nan dama yakan taɓa kai. Ba wanda ya yarda, kuma ban ga laifinsu ba, labarin da suke da shi ya fi nawa daɗin faɗa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu, da azumin da ya wuce na je tafsiri a wani gari kusa da mu. Malamin matashi ne mai zaƙin baki, ga ɗalibai cike da rumfa. Ya zo kan bambancin jarrabawa da uƙuba, sai ya ce bari ya ba su misali na gaske, wanda ya faru nan bakin tabki a zamanin kakanninsu. Wani ɗalibi ya dafa Alƙur'ani kan ƙarya don ya taimaki wanda ba ya sallah, kuturta ta kama shi, da ya tuba Allah ya warkar da shi. Wuri ya ɗauki kabbara. Ina sahu na biyu, na ja hannun riga na rufe yatsana.

Don haka nake roƙon malamai da ɗalibai, ku koyi kalmomin nan, gaskiya ne, suna cikin addini. Amma ku auna kanku da su, kada ku rataya su a wuyan wani. Da mutanen garinmu sun ga tabon bayana sun ce Allah ya sawwaƙe suka tsaya nan, da Inna ba ta yi ƙarya ba, da Tsoho ya mutu a gindin kanyarsa. Zaton da muke kira sanin addini shi ya kori bawan Allah daga filin kakanninsa, ya sa tsohuwa ta shiga kabari da kayan da ba ta da mai sauke mata, ni kuma ya kusa raba ni da matar da ta fi kowa riƙe ni. In kun ga mai wahala ku taimake shi ko ku yi masa addu'a, sunan wahalarsa ku bar wa Wanda ya aiko ta. Attajirin nan ya yi tsawon rai, ya je Makka ya dawo, ya mutu cikin 'ya'ya da jikoki ko ciwon kai bai cika yi ba. Sau da yawa kalmar talala takan zo mini har bakin harshe in na tuna shi. Sai in dubi yatsana in haɗiye ta, don ban sani ba.